Daura da Baje Kolin Duniya: Abin da Aka Rubuta da Abin da Aka Tuna a Gida

A ran 23 ga watan Afrilu na shekarar 1924 Sarkin Ingila, Joji na Biyar, ya buɗe wani gagarumin baje koli a Wembley, wata unguwa da ke arewa maso yammacin birnin Landan. An shirya shi ne don a tara arzikin ƙasashen da ke ƙarƙashin tutar Ingila a fili guda, yadda talakan Ingila zai zagaya daular sarkinsa da ƙafa tsakanin hantsi da la'asar. Faɗin filin eka 216 ne, kuma kafin a rufe shi a ƙarshen watan Oktoba na 1925, mutum wajen miliyan 27 suka shiga. Cikin abubuwan da aka gina a wurin har da wani birni mai jar ganuwa da ƙofofi, wanda aka kwaikwayo daga biranen ƙasar Hausa, aka zuba kayan Nijeriya da na Gwalkwas, watau Gana ta yau, da na Saliyo a cikinsa.

Da yawa daga cikin yaran Turawa da iyayensu suka kai su kallo sun rayu har suka tsufa, suka kuma rubuta abin da suka tuna: jirgin ƙasan nan da ba ya tsayawa sai dai ya rage gudu a hau a sauka, da gunkin Yarima mai jiran gado da mutanen Kanada suka sassaƙa da man shanu. Labarin masu kallo ke nan, ga shi nan a rubuce. Maƙasudin wannan lacca shi ne a dubi ɗaya ɓangaren, watau na waɗanda aka kwaikwayi ganuwarsu, aka baje kayansu. Za a ɗauki ƙasar Daura a yi misali da ita, a ga ta wace ƙofa baje kolin duniya ya shiga gidajen mutanenta, da irin abin da yaransu suka riƙe a ka, da kuma dalilin da ya sa abin da suka riƙe ɗin ya sha bamban da abin da ke cikin rahoton hukuma.

Asalin al'amarin

Baje kolin duniya na farko shi ne wanda aka yi a Landan a 1851, cikin wani makeken gini na ƙarfe da gilashi, inda mutum wajen miliyan 6 suka halarta. Daga nan manyan biranen Turai da Amurka suka shiga gasa da juna. Dogon hasumiyar nan ta birnin Paris ma don baje kolin 1889 aka gina ta. A farkon wannan shekara ta 1851 ɗin ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Katsina, sa'an nan ya wuce Kano, ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suke kai wa har Tambutu da Tarabulus. Ashe ke nan tara kayan ƙasashe a wuri guda ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Amma akwai bambanci tsakanin kasuwa da baje koli, kuma a kan wannan bambanci ne maganar duka ta rataya. A kasuwa kowa shi ke kawo hajarsa, shi ke yi mata kuɗi, in ciniki bai yi masa ba ya ɗaure kayansa ya koma gida. A baje koli kuwa mai mulki ne ke zaɓen abin da za a nuna, shi ke rubuta sunan da za a liƙa masa, shi ke kuma faɗin ma'anarsa.

A wancan zamani ƙasar Daura a rabe take. Tun bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, Fulani ke riƙe da birnin Daura, zuriyar sarakunan Haɓe kuwa suna Zango da Ɓaure. Duk da haka daga wannan yanki ne aka sami yaron Hausa na farko da aka rubuta labarin ganinsa da Turai daga bakinsa. Shi ne Dorugu, wanda aka haifa a wani ƙauye kusa da Kance, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, arewa da Daura. An kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, inda wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa da Hausa. Abin lura a nan shi ne, ba a rubuta labarin don darajar abin da yaron ya gani ba, sai don Bature yana neman jimlolin da zai koyi nahawun Hausa da su. Da ba don wannan bukata ba, da labarin ya bi mai shi kabari, kamar yadda dubban irinsa suka yi.

Ganuwar Wembley

Lokacin da aka buɗe Wembley, shekara ashirin ke nan da Turawa suka mai da sarautar Daura hannun gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa a 1904. Ɗansa Abdurrahman ke kan gado tun 1911, shi ne kuma zai ci gaba da mulki har 1966. Daura tana cikin Lardin Kano a lokacin, don sai a 1934 aka haɗa ta da Katsina suka zama lardi guda. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata kuwa ta riga ta yanke wani sashe na tsohuwar ƙasar ta bar shi a hannun Faransa.

Abin da aka baje a rumfar Nijeriya kayan da masana'antun Ingila ke bukata ne: gyaɗa, da auduga, da fatu da ƙiraga, da manja, da koko, da kuza, da katako. Uku na farko duk ana samun su a ƙasar Daura. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 aka fara ɗaukar kaya a 1912, gyaɗa ta zama hanyar da talaka ke samun kuɗin haraji, jakuna da raƙuma suna jigilarta daga ƙauyukan arewa zuwa Kano. Amma da zarar buhu ya hau sikeli a Kano, ya zama gyaɗar Kano, sunan ƙauyen da aka noma ta ya ɓace. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun kafin zuwan Turawa jan fatar akuyar ƙasar Hausa ke ƙetare Sahara ta isa Turai, a can kuma a kira ta fatar Maroko. Saboda haka mai neman sunan Daura a Wembley zai sha wuya, alhali kuwa irin amfanin gonarta ne ke jibge a wurin.

Ba kaya kaɗai aka baje ba, har da mutane. An ɗebo masu sana'a daga Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa, aka zaunar da su cikin ganuwar suna saƙa da dukanci da sassaƙa a gaban 'yan kallo. Wasu jaridun Landan suka riƙa rubuta maganganun wulakanci game da su, musamman a kan aure da zaman iyalinsu. Wannan ya fusata ɗaliban Afirka da ke karatu a Ingila, suka kai kuka ga Ofishin Mulkin Mallaka. Ɗaya daga cikinsu, Ladipo Solanke, mutumin Abekuta mai karatun lauya, shi ne ya jagoranci kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma a watan Agusta na 1925, ƙungiyar da ta reni da yawa daga cikin waɗanda suka nemi 'yancin kai daga baya. Taron da aka shirya don ƙarfafa daula sai ga shi ya taimaka wajen tara waɗanda za su kwance ta.

Akwai kuma wanda ya je Wembley daga maƙwabtan Daura, ba a matsayin abin kallo ba, a matsayin babban baƙo. Shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya riga ya ziyarci Ingila a 1921 cikin tafiyarsa ta aikin Hajji, ya kuma koma a 1924. Ɗansa Usman Nagogo ya san Ingila tun yana saurayi ta dalilin rakiyar mahaifinsa, kuma ƙaunar wasan folo da gidan ya shahara da ita tana da nasaba da waɗannan tafiye-tafiye. Irin wannan gida shi ke da labarin baje koli na gani da ido. Sauran jama'a sai dai jin ƙishin-ƙishin daga bakin barori da 'yan rakiya.

To, me gidajen talakawa suka riƙe daga waɗannan shekaru? Ba Wembley ba. Shekara biyu bayan an rufe shi, a 1927, yunwa ta auka wa arewacin ƙasar Kano da Katsina, wadda aka laƙaba wa suna 'Yar Buhu. Da ita, da wadda ta gabace ta a 1914, tsofaffi ke ƙidayar shekarun haihuwa da aure. Ƙasar da aka nuna wa mutanen Landan a matsayin rumbun da ba ya ƙarewa, ita ce 'ya'yanta suka tuna da ita a matsayin wurin da aka auna hatsi da tafin hannu. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ɗaya ce kawai aka buga wa kan sarki na tunawa.

Baje kolin da ya zo gida

In ana neman abin da ya yi kama da baje kolin duniya a rayuwar yaron Daura na zamanin En'e, to hawan daba ne. Kalmar daba daga Indiya Turawa suka zo da ita, inda sarakunan ƙasar kan taru su yi mubaya'a ga wakilin Sarkin Ingila. Hawa dai ba baƙo ba ne a Daura. Akwai hawan Sallah ƙarama da babba, akwai kuma Sallar Gani ta watan Mauludi, wadda ke tara hakimai da dagatai da baƙi har daga ƙetaren iyaka. Amma a waɗannan, sarki ne ke fitowa jama'arsa su gan shi, su yi masa jinjina. A daba kuwa sarkin da jama'arsa gaba ɗaya su ne abin kallo, wani ne dabam ke zaune a inuwa. An yi wa Gwamna Lugga irin wannan hawa a Kano a farkon 1913, aka yi wa Yarima mai jiran gado a Kano a watan Afrilu na 1925, ana sauran makonni kaɗan a sake buɗe Wembley zagaye na biyu. Wanda ya fi zama a zukatan mutane shi ne na Kaduna a watan Fabrairu na 1956, da aka yi wa Sarauniya Elizabeth, sai kuma na 1959 na murnar samun mulkin kai na Jihar Arewa.

Rahoton hukuma da hotunan jarida suna nuna sa'o'in hawan ne kawai: 'yan lifida, da 'yan sulke, da kakaki da algaita, da sukuwar jinjina. Labarin da ke cikin gidaje kuwa ya fi karkata ga abin da ya gabaci wannan rana. Tsakanin Daura da Kaduna ya haura kilomita 300. Dokin da aka bi da shi ta ƙasa, da kaya da mutane a ƙafa, ba zai rasa kwashe mako biyu ba a hanya, don ba a gaggauta dabbar da ake so ta isa da ƙibarta. Kowane doki yana bukatar mai yankan ciyawa, da mai ba shi ruwa da dawa da kanwa, da mai kwana kusa da turkensa. Wannan kuwa aikin samari ne da yara, 'ya'yan barori da ƙannen mahaya. Yaron da ya yi irin wannan tafiya, in ya tsufa aka tambaye shi, sau da yawa ba Sarauniya zai fara ambata ba, don wataƙila ƙurar dawaki ma ba ta bar shi ya hango ta ba. Zai ambaci ranar da ya fara ganin jirgin ƙasa, tun da ba shi a garinsu, da fitilun lantarki a bakin titi, da ruwan famfo, da sanyin hunturun sansani, da jin harsunan da bai taɓa ji ba daga bakin mutanen Borno da Adamawa da Nufe da Tibi. A nan ne ya fara gane girman abin da ake kira Arewa. Ta wannan fuska daba ta yi masa abin da Wembley ya yi wa yaron Landan, sai dai shi yana kallo ne ana kuma kallonsa.

Akwai kuma waɗanda ba su je ba, su ne kuwa mafi yawa. Matan gida su suka daka guzuri, suka wanke riguna aka kai bugu, suka zauna da zullumin ko mai gida zai dawo lafiya da dokin da watakila aro ne. Abin da suka sani game da taron shi ne tsarabar da aka kawo, da bashin da aka ci don sabon rawani da kayan doki. Yaran da aka bari a gari kuwa sai bayan watanni suka ga hawan, sa'ad da motar majigi ta zo ta kafa farin kyalle a filin ƙofar fada da dare, mai bayani yana fassarawa da Hausa. Ga mafi yawan yaran wancan zamani, majigi shi ne baje kolin duniyarsu, a cikinsa suka fara ganin teku da Landan da injin huɗa.

Daga abin kallo zuwa 'yan kallo

Al'amarin ya sake kama a shekarun 1970. Tun 1967 Daura ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976, kuma a nan ta zauna har aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Ma'anar wannan ita ce, shekara ashirin cur Kaduna ce hedikwatar mutumin Daura. Malaman makaranta, da akawuna, da ma'aikatan gona da na asibiti, da sojoji, da yawa sun zauna can da iyalansu. 'Ya'yansu su ne tsarar farko daga wannan ƙasa da suka shiga babban taron nuni riƙe da hannun uba, ba riƙe da linzamin doki ba.

A farkon 1977 aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Ikko ce cibiyarsa, amma hawan daba a Kaduna aka yi shi, har aka gina babban otal domin baƙi. A wannan karo babu gwamnan Ingila a rumfa. Shugaban ƙasa ɗan ƙasa ne, baƙin kuma daga Afirka da zuriyarta na ƙetare. Duk da haka fasalin hawan na 1956 ne, kuma an yi shi ne shekara uku kacal bayan farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a arewacin ƙasar tsakanin 1972 da 1974. Kuɗin man fetur ya rufe wannan a idon baƙo, bai rufe shi ba a ƙauyukan Zango da Mai'aduwa da Sandamu.

A 1979 kuma aka fara Baje Kolin Duniya na Kaduna, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta garin ke shiryawa. Wannan shi ne ya fi kusa da ainihin abin da ake nufi da baje koli, don kamfanonin ƙasashen waje sun kafa rumfuna, na gida ma haka. Yaran wancan lokaci sun dawo gida da hulunan takarda, da kalanda, da balan-balan masu tambarin kamfani, sun hau tarakta an ɗauke su hoto. Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin tarihi shi ne, da yawa daga cikin kayan da suka gani a Kaduna aka yi su: atamfa daga masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, da motar Peugeot da aka fara harhaɗawa a garin a 1975. Yaro ya ga audugar da kakansa ke nomawa ta zama turmin zane ba tare da ta je Manchesta ba. Manyan masaƙun nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun farko na wannan ƙarni. Shi ya sa in mutanen wannan tsara suna ba da labarin baje kolin ƙuruciyarsu, sau da yawa zancen kan juye ya koma na abin da aka sa rai da shi bai tabbata ba.

Darajar wannan labari da rauninsa

Dole a yarda cewa tunanin ƙuruciya shaida ce mai rauni. Tsoho kan gwama hawan 1956 da na 1959 ya mai da su ɗaya. Abin da ya gani a majigi kan shige cikin abin da ya gani da ido. Jika kuma kan ƙara wa dokin kakansa ado a kowane maimaici. Amma rahoton Razdan ma yana da nasa raunin, don an rubuta shi ne domin a nuna wa na sama cewa kome ya tafi daidai. In aka aza su gefe da gefe, kowanne kan tona inda ɗayan ya yi shiru. Littafin M. G. Smith a kan al'amuran Daura, wanda ya fito a 1978, ya tattara tsarin sarauta da muƙamai da kyau ƙwarai, amma ba aikinsa ba ne ya bi sawun mai yankan ciyawa. Matarsa Mary Smith ce ta nuna yadda ake yin wancan aikin, da ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau ta rubuta rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Ƙasar Daura tana bukatar irin wannan.

Yau Nijeriya kan kafa rumfarta da sunanta a baje kolin duniya, kamar yadda ta yi a Dubai tsakanin Oktoba 2021 da Maris 2022, kuma iyalin da ke da hali kan tashi daga Kano su je su dawo da ɗaruruwan hotuna a waya. Waɗannan ba su cikin haɗarin ɓacewa. Wanda ke cikin haɗari shi ne yaron da ya bi doki zuwa Kaduna a 1956 yana da shekara goma, don yanzu ya doshi tamanin ko ya haura. Takardun Baitulmalin En'e da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna za su iya nuna abin da hukuma ta kashe. Shi kuwa tsohon, da 'yar'uwarsa da aka bari a gida, su za a tambaya a wane gari aka yada zango na farko, wa ya ba da dawar da dawaki suka ci a hanya, an biya shi ko ba a biya ba, da kuma dawaki nawa suka dawo Daura da ƙafarsu.